Shekara Takwas a Takarda

Lifta ta danne sabon shugaban masu gyara a ramin da ke ƙasan bene, manajan ginin ya kira 'yan sanda ya ce Dogo ne ya kashe shi.

Sufeto ya iso da hantsi, shi da Saje. Dogon bene ne na ofisoshi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a ƙasa, kowa da waya a hannu yana neman ɗaukar hoto. Sufeto ya sa aka kore su. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son hayaniya, ba ya maimaita magana.

An riga an ja akwatin liftar sama. Ƙofar ƙasa a buɗe take. Ya haska tocila cikin ramin. Saurayin na kwance a gindin tsanin ƙarfe, sanye da sabuwar rigar aiki, ko karin gugarta bai baje ba. Bai kai shekara talatin ba.

A jikin ƙofar daga ciki akwai guntun kebur ja. An fere bakinsa biyu, an haɗa wasu ƙarafa biyu da shi. Manaja ya yi bayani yana share gumi. Ya ce lifta ba ta motsi muddin ƙofa a buɗe take. Wannan kebur shi ya yi mata ƙarya, ya nuna mata an rufe. Da ma akwai wanda ya danna kira, sai ta sauko a kan mutum.

Sufeto ya tambayi wane ne Dogo. Manaja ya ce shi ne mai gyaran liftar tun ranar da aka kafa ta. Da tsohon shugabansu ya yi ritaya, kowa ya ɗauka Dogo za a ba. Sai kamfani ya kawo wannan saurayi a kansa, don takardarsa ta nuna shekara takwas yana aikin lifta. Dogo ya faɗa a gaban mutane cewa za a ga ƙarshen abin. Aka buɗe akwatin kayan aikinsa, aka sami naɗin kebur ja, bakinsa sabon yanka.

Saje ya sa masa ankwa. Dogo bai yi gardama ba.

A caji ofis shugaban su Sufeto ya duba fayil ɗin a tsaye. Ya ce magana ta ƙare: ga gaba, ga furuci, ga kebur. A rubuta kisan kai, a kai shi kotu kafin mako ya fita. Sufeto ya nemi a ba shi lokaci. Shugaban ya ce lokacin ke nan ya ba shi. In ba a kawo wani wanda ya ɗaura kebur ɗin ba, Dogo ne zai tsaya gaban alƙali, kuma kowa ya san hukuncin wanda ya kashe rai da gangan.

Aka fito da Dogo daga bayan kanta. Zanƙalelen mutum ne, hannuwansa duk tabon ƙarfe. Ya zauna yana kallon bango.

"Ina kake sa'ad da liftar ta sauko?"

"Ina can sama, ɗakin inji. Shi ya aike ni."

"Kebur ɗin naka ne?"

"Nawa ne. Akwatina ba ya da makulli."

"Ka ce za a ga ƙarshensa."

"Na faɗa. Ga shi an gani."

Saje ya ɗaga hannu, Sufeto ya dube shi, ya mayar da hannun aljihu.

Sufeto ya tambayi yadda ake shiga ramin. Dogo ya faɗa da ƙyar, kamar ana ciro masa haƙori. Ya ce duk mai shiga sai ya kashe babban makunnin wuta, ya rataya masa kwaɗonsa na kansa, ya sa makullin a aljihunsa. Kowa da nasa kwaɗon. Ba a kulle wa wani, ba a aron na wani. Sufeto ya ce ai babu kwaɗo a makunnin, wutar ma a kunne take. Me ya hana shi dubawa?

"Yallaɓai, mai shekara takwas? Shugabana? Ni zan bi bayansa in ga ko ya kulle? Zagi ne wannan a wurinmu."

Da rana Sufeto ya koma ginin. Ya sa aka buɗe ɗan kabad ɗin marigayin a ɗakin ma'aikata. Akwai takalmin gida, da turare, da hular kwano. A ƙasa ga kwaɗon da kamfani ya ba shi, yana cikin ledarsa, ba a ko yage ta ba.

A hanyar fita ya tsaya wurin mai gadi. Mai gadin ya ce shi bai ga komai ba. Da aka matsa masa, ya ce Dogo ba ya sama a lokacin. Yana bayan gini a kan benci, yana shan shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Saje ya ce to, ga ƙarya ta fito, me kuma ake jira. Sufeto ya ce ƙaryar ta ajiye Dogo nesa da ƙofar, ba kusa da ita ba.

Washegari suka je ɗakin ajiye gawa. Likita ya zuba musu kayan marigayin a faranti: agogo, katin aiki, wayar hannu da ta farfashe, da wani ɗan farin abin sauraro, irin wanda ake cusa wa a kunne a yi magana ba tare da riƙe waya ba. Ya ce daga cikin kunnen ya ciro shi. Ya kuma ɗaga hannun gawar ya nuna musu. Tafin lumus, ba kanta, ba tabo, farce a gyare. A ɗan yatsa kawai akwai sabon yanka, irin na wanda ya fere kebur da reza bai saba ba.

Saje ya dubi nasa tafin, ya ce ko shi da ba ya riƙe komai sai biro da kulki ya fi wannan kanta.

Sufeto ya rubuta wa kamfanin waya a ba shi bayanin kiran da aka yi da layin. Suka ce sai an jira.

Matar da ke ɗaukar ma'aikata a kamfanin gyaran liftar tana hawa na sama. Kowa Madam yake ce mata. Ta fito da takardar tarihin aikin marigayin, wadda masu neman aiki ke kira sibi. Shafi ɗaya ce tal, fes, ba tarkace. Madam ta ce a cikin tulin da suka zo, ita ce ta fi kowace tsari. Bai ce shi mai ƙwazo ne ko mai gaskiya kamar yadda kowa ke rubutawa ba. Ya jera abin da ya yi: ya kafa, ya gyara, ya rage lalacewa, ya horar. Duk kalmar da suka sa a tallar aikin, ta same ta a ciki.

Ta juya musu kwamfuta ta nuna shafinsa a dandalin masu neman aiki na intanet. Ga hotonsa da hular kwano. Ta ce tun kafin a yi tallar, kullum da safe sai ya rubuta magana mai ma'ana a ƙarƙashin abin da babban injiniyansu ya wallafa. Ba roƙo, ba fadanci, tambaya ce ko ƙarin bayani. Har injiniyan ya san sunansa. Da gurbi ya buɗe, shi da kansa ya ce a nemo yaron nan.

"Kun gan shi ido da ido kafin ku ɗauke shi?"

"Ta bidiyo muka yi ganawar."

"Ya amsa daidai?"

"Duka. Yakan ɗan yi shiru kafin ya amsa. Na ɗauka natsuwa ce."

"Kun ba shi ƙarfe ya riƙe? Kun kai shi gaban inji?"

Ta ce ba tsarinsu ba ne. Ta ce ta duba takardun shaidarsa ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya ce ta kawo su. Ta buɗe durowa, ta rufe, ta buɗe wata. Daga baya ta ce ya yi alkawarin kawowa, aiki ya yi mata yawa. Amma ta kira tsohon maigidansa da ya sa a takardar, wani Injiniya mai babbar murya, ya yabe shi ƙwarai, har ya ce rabuwa da shi asara ce. Shi ne ma ya rubuta masa yabo a shafin.

Sufeto ya kira lambar nan take. A kashe.

Gidan su marigayin yana ƙarshen wani lungu. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, famfo a gefe, an jera benci don masu ta'aziyya. Uban tsohon direban babbar mota ne, ya zauna ƙyam a kujera, sanda tsakanin ƙafafunsa. Bai yi kuka ba. Abin da ya fara tambaya shi ne yaushe za a ba shi gawar ɗansa. Auta yake ce masa, don shi ne ƙarami.

Sufeto ya yi masa gaisuwa, sannan ya tambayi aikin da Auta ke yi kafin wannan. Tsohon ya ce yaron ya gama karatu ya daɗe a zaune. Ya bi ofisoshi har takalminsa ya cinye. Yana taya yayansa aiki a shago, yana buga takardu. Da wannan aiki ya samu, an ce masa na ofis ne, shugaba ne, zama zai yi a tebur yana sa hannu.

"Me ya kai shi rami?" in ji tsohon. "Abin da ban gane ba ke nan."

Wani ya matso daga bayan kujerar. Ya girmi marigayin da kaɗan, ga gilashi a ido, idon ya yi ja. Shi ne yayan. A unguwa Mai Sibi ake ce masa, don sana'arsa ke nan, rubuta wa mutane takardar neman aiki. Ya durƙusa kusa da uban ya ce Baba ya manta ne. Da yamma kawai Auta ke zuwa shago. Da safe yana bin wani Injiniya aikin lifta, shekara da shekaru.

Tsohon ya dube shi. Ya ce to, yayansa ya fi shi sani, su ne masu boko.

Sufeto ya ja Mai Sibi gefen famfo.

"Kai ka rubuta masa takardar?"

"Ni na tsara. Abin da ya faɗa mini na rubuta."

"Ka san Injiniyan?"

"A waya kawai."

"Kun yi magana da ƙaninka ran da abin ya faru?"

"A'a, Yallaɓai. Tun da ya fita da safe ban ƙara jin muryarsa ba."

Ya ce shi dai a bi masa haƙƙin ƙaninsa. Ya ji an ce an kama wanda ya yi. Sufeto ya ce an kama wani.

Kwana ya ja. Kamfanin waya shiru. Shugaban ofis ya aiko a kawo fayil ya sa hannu. Matar Dogo kullum tana bakin ƙofar caji ofis da kwanon abinci, da yarinya a hannu. Ba ta roƙon kowa. Tana zuwa, tana zama, tana tafiya.

Saje ne ya kawo abu na gaba. Ya wuni yana latsa waya a dandalin nan, har Sufeto ya yi masa faɗa. Sai ya miƙo masa wayar. Ya ce ya bi shafin Injiniyan ne. Ba hoton fuska, sai hoton wani gini. Amma mutumin akwai alheri. Ya yabi marigayin, ya ce ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ya yabi wani kuku, shi ma a ƙarƙashinsa ya yi aiki. Ya yabi direba, da akawu, da mai gadi, da malamar yara.

"Yallaɓai, har ungozoma ya horar," in ji Saje. "Ni ma in na yi ritaya wurinsa zan je, ko ya ce na taɓa tuƙa jirgi."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya duba takardun mutanen da ke manne a shafukansu. Tsari ɗaya ne, shafi ɗaya, layi a wuri ɗaya, kamar ɗinkin tela ɗaya. A ƙasan kowace, lambar nan ce.

Ya yi tunani. Mai hankali da ya jefar da layin tun ranar da aka yi mutuwar. Amma wannan layi ba na mutum ɗaya ba ne. Mutane da yawa sun miƙa takardunsu da shi, suna jiran kira. Duk ranar da wani kamfani ya buga ya ji a kashe, aikin wani ya tafi, kuma za a zo shago a tambayi dalili. Wanda ke riƙe da layin ba zai iya barinsa a kashe ba. Zaman makoki ne kawai ya kashe shi.

Ran da aka tashi daga zaman, Sufeto ya sa kayan gida. Suka tafi da safe, lokacin da ofisoshi ke kira.

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da gilashin ido. Labule ne a ƙofar. Daga waje ana jin Mai Sibi yana yi wa wata budurwa bayani, muryarsa a dashe. Yana ce mata ta cire tarihin firamare, ba mai tambaya. Kada ta wuce shafi ɗaya, don mai dubawa ba ya da lokacinta. Ta daina rubuta "a taimaka mini" a shafin manya, ta karanta abin da suka rubuta, ta yi tambayar da za ta sa a tuna da ita. Ta canja hoton nan na biki. Sufeto ya saurara. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Mutumin ya san aikinsa.

Da budurwar ta fita, Saje ya koma tsallaken titi ya buga lambar. Sufeto ya tsaya jikin labule.

Aka ji ƙarar waya a ciki, can ƙasa-ƙasa. Aka ja durowa. Aka yi gyaran murya. Muryar da ta fito ba ta Mai Sibi ba ce, ta wani babban mutum ce mai ƙiba da nutsuwa.

"Injiniya ke magana. Kuku? Ƙwarai, na san shi. Yaron kirki ne. Rabuwa da shi asara ce."

Sufeto ya ɗaga labulen ya shiga.

Mai Sibi ya tsaya da wayar a kunne. Wata tsohuwar ƙaramar waya ce, an ɗaure bayanta da roba. A hankali ya sauke ta ya ajiye a tebur. Shagon ƙunci gare shi: kwamfuta biyu, firinta, injin hoto, kujerar roba. A kusurwa akwai farin ƙyalle da aka rataya a bango, da hular kwano a kan ƙusa, da rigar likita, da farar hular kuku.

Sufeto ya zauna a kujerar robar. Ya ce, "Injiniya, sannu da aiki."

Mai Sibi ya ce wannan taimako ne kawai. Kowa na yi. Kamfanoni ba sa ɗaukar wanda bai taɓa aiki ba, to ta ina mutum zai fara? Kuku ya iya girki, direba ya iya tuƙi, shaida kawai suka rasa. Ya amsa laifin wayar. Amma mutuwar ƙaninsa, wannan a tambayi Dogo.

Sufeto ya sa Saje ya kwashe kwamfutocin da wayoyin biyu, ta Injiniya da ta Mai Sibi ta gaskiya, ya ce a tafi ofis.

Da suka isa, amsar kamfanin waya na kan tebur. Sufeto ya karanta, ya kifa ta. Ya sa wani kofur da ya iya kwamfuta ya buɗe abin da aka duba a intanet ranar da abin ya faru. Sannan ya sa aka shigo da Mai Sibi.

"Ka ce ba ku yi magana ba."

"Haka na ce."

"Ya kira ka da safen. A layinka na gaskiya, ba na Injiniya ba. Kiran bai yanke ba sai da wayarsa ta fashe."

Mai Sibi ya dubi takardar da ke kife a tebur.

Sufeto ya juya masa kwamfutar. Wani shafi ne na masu gyaran lifta na wata ƙasa, da zane, da jan layi tsakanin ɗigo biyu. Ya ce an buɗe shafin ana tsakiyar kiran. Ya ajiye ɗan farin abin sauraron a kan tebur, kusa da hannun Mai Sibi.

"Daga kunnensa aka ciro."

Mai Sibi ya cire gilashinsa. Ya daɗe yana kallon abin. Da ya fara magana, muryarsa ba ta rawa, kamar mai karanta takardar wani.

Ya ce Auta bai taɓa taɓa lifta ba sai dai ya hau. Shi ya zaɓa masa aikin, don ya ga masu nemansa kaɗan ne. Shi ya buɗe shafin, shi ke rubuta maganganun nan na safe da sunan ƙaninsa, bayan ya karanta abin da zai faɗa. Ranar ganawa yana zaune a bayan kwamfuta, yana nemo amsa yana raɗa masa a kunne. Sun yi lissafin shugaba ba ya taɓa ƙarfe, yara ke yi, shi ya sa hannu. Kafin a gane, ya koya.

Ran nan lifta ta tsaya. Manaja na ta faɗa. Auta ya nemi Dogo ya rasa. Ya kira shi a ruɗe, ya ce asirinsa zai tonu, a kore shi, Baba ya ji. Shi kuma ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba ga shi ba? Ya nemo shafin. Ya ce wa Auta ya samo guntun kebur, ya shiga, ya haɗa nan da nan.

"Shafin bai ce a kashe wuta ba?"

"Ya ce. A sama ya faɗa. Ni daga tsakiya na fara karantawa, inda zanen yake. Sauri muke."

"Sai me?"

"Ya ce, Yaya, na haɗa. Na ce madalla. Ya ce, Yaya, tana motsi. Na ji komai. Ban ajiye wayar ba."

Saje ya juya ya dubi taga.

Sufeto ya tambaye shi ko ya san hukuncin da ke jiran Dogo. Ya ce ya sani. Ya san mutumin na da mata da 'ya? Ya ce ya gan su a bakin ƙofa. To me ya sa ya yi shiru? Ya ce da ya faɗa, sai Baba ya sani.

Aka rubuta jawabinsa, ya sa hannu. Sojan gona, shaidar jabu, ganganci da ya jawo asarar rai, da yi wa hukuma ƙarya. Saje ya sa masa ankwa, ya tafi da shi bayan kanta. A ƙofar suka yi kiciɓis da Dogo ana fito da shi. Ba wanda ya dubi wani.

Sufeto ya tsayar da Dogo kafin a ba shi kayansa. Ya ce saura tambaya ɗaya, ba ta fayil ba. Me ya sa ya ce yana sama, alhali yana shan shayi?

Dogo ya ɗaura agogonsa tukuna. Ya ce tun ranar farko ya gane. Ya ga yadda yaron ya riƙe abin gwada wuta. Bai faɗa wa kowa ba. Da liftar ta tsaya, ya san ƙaramin abu ne, sai ya zame ya bar shi da ita, don ya ji kunya a gaban Manaja, kowa ya ga abin da takarda ta kawo musu. Ya ce bai zaci zai shiga ramin ba.

"Ka ga kwaɗonsa a makunni?"

"Ban duba ba."

"Ka san bai san da shi ba."

Dogo ya tattara sauran kayansa. Sufeto ya ce doka ba ta da abin da za ta kama shi da shi, ya tafi. Dogo ya fita. Matarsa ta miƙe da kwanon, yarinyar ta ruga ta riƙe ƙafarsa. Bai ɗauke ta ba.

Da la'asar tsohon direban ya zo, shi kaɗai, yana dogara sanda. Sufeto ya ba shi kujera. Bai ɓoye masa komai ba, bai kuma ƙara ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, hannunsa biyu a kan sandar. Tambaya ɗaya ya yi: ko shekara takwas ɗin nan akwai rana ɗaya ta gaskiya a ciki. Sufeto ya ce babu.

Sannan ya gaya masa cewa laifin na da beli. Gobe za a kai ɗansa kotu. In wani dattijo mai gida da mutunci ya tsaya masa, ya shaida ya san halinsa kuma zai kawo shi duk ranar da aka nema, zai koma gida ya jira shari'a. In ba haka ba, gidan yari za a ajiye shi, kuma shari'a kan daɗe. Ya ce shi ne kaɗai ɗan da ya rage masa, ya yi tunani.

Aka fito da Mai Sibi. Ya zube a gaban uban, ankwa a hannu, goshinsa kusa da takalmin tsohon. Ya ce, "Baba, so na yi ya samu. Kai ma kullum kana tambaya yaushe zai samu."

Tsohon bai dube shi ba. Saje ya ajiye takardar belin a tebur, ya cire murfin biro ya miƙa. Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa.

"Ba zan tsaya masa ba," ya ce.